Wa Ya Nuna Maka Burtalin?

Na Tahira Basiru

Shafi na 14

Masu turo min saƙo cewa na tsani Fa'izu, ku yi haƙuri, ban tsane shi ba. Haushinsa nake ji, irin haushin da mutum yake ji na ƙaninsa mai ƙoƙari a makaranta amma ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa.

Waɗanda suka shigo kwanan nan kuma, ga inda muke. Fa'izu ɗan Malam Madu mai hatsi ne, yana ajin ƙarshe a jami'a, sashen kimiyyar siyasa. Furojet ɗinsa a kan makiyaya ne masu tsallako iyaka: tunda Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar nan ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wace hanya suke bi da shanunsu? Da wannan tambayar ya zo hutu ƙauyensu Kanyar Tudu, can bayan Shanono, ya yi ta bin mutane da waya a hannu yana naɗar maganarsu. Shekaranjiya ɓarayin daji suka kore shanun Alhaji Badaru, suka haɗa da ɗansa Jamil, suka fice ta wani tsohon burtali da gonakin dawa suka rufe. Burtalin da Fa'izu ya je har can ya ɗauki hotonsa.

*

A bayan rumbu yayarsa Hauwa'u ta same shi, yana zaune a kan damin gero ya haɗa kai da gwiwa. Da ƙyar ta zauna saboda tsohon cikin da ke jikinta.

"Ka ci wani abu?"

"Ba na jin yunwa, Yaya Hauwa."

"Dagaci ya aiko. Ya ce ana idar da azahar kai da Baba ku je."

"Na ji. Gara ma haka, in yi musu bayani kowa ya huta. Bincike ne fa kawai."

Ta dube shi kamar ta kai masa duka.

"Bincike. Fa'izu, mutumin da ke bin gida-gida yana tambayar shanu nawa gare ku, ina suke kwana, wa ke tsaronsu, ka san sunansa a garin nan?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Infoma ake ce masa. Tun jiya ba wanda ya kira ka da sunan da Baba ya raɗa maka. Na je ɗibar ruwa, ina isa mata suka yi tsit."

"Ai malamarmu ta duba tambayoyin kafin in taho. Dakta Sakinatu da kanta ta ce sun yi."

"Ita Daktar tana da saniya?"

Ni ma da nake rubutawa ban da amsar wannan.

Hauwa'u ta matso, ta rage murya.

"Abu ɗaya na zo tambayarka. A garin nan aka haife ni, a nan na yi aure, ban taɓa sanin akwai hanya a bayan kwarin nan ba. Kai kuwa tun kana ƙarami aka kai ka makarantar kwana, ko gonar Baba ta arewa sai an raka ka. Wa ya nuna maka burtalin?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ni ce ba za ka faɗa wa ba?"

"Ƙa'ida ce, Yaya. Tun a aji uku aka koya mana, wanda ya ba ka bayani ba a kama sunansa. Amana ce. Kuma na yi masa alƙawari."

"Su waɗanda suka koya maka za su zo gaban Dagaci yau?"

"Yaya..."

"Ka dube ni. Ni na goya ka. Wa ya nuna maka?"

Ya daɗe yana murza wata zangarniyar gero a hannunsa har ƙwayoyin suka zube.

"Mijinki ne."

Ya jira ta zabura. Ya jira ta ce ƙarya yake yi, ta zage shi, ta tashi ta tafi. Kamaruddeen fa ba ƙaramin mutum ba ne a Kanyar Tudu, shi ne shugaban 'yan sintiri, shi ake bugawa waya in kare ya yi haushi a bayan gari.

Hauwa'u ba ta yi ko ɗaya ba. Hannu kawai ta ɗora a kan cikinta. A nan ne gaban Fa'izu ya faɗi.

"Kin sani?"

"Ban sani ba. Tsoron in sani nake yi."

"Me kika gani?"

"Ranar da abin ya faru, Baban Humaira ya kwashe yaransa na sintiri duka ya tura su kudu, bakin kasuwa, wai an ce masa ta nan za a shigo. Da asuba ya dawo, wandonsa duk baƙin taɓo da ƙarangiya. Ina aka samu baƙin taɓo a bakin kasuwa? Kwari kaɗai ke da shi. Ni na wanke wandon da hannuna, ban ce masa komai ba."

Abubuwa suka fara dawo wa Fa'izu ɗaya bayan ɗaya.

"Shi ya same ni fa, Yaya, ba ni na neme shi ba. Ya ce ya ji ina neman hanyar makiyaya. Ya ɗauke ni a babur ranar kasuwa, lokacin da gari ba kowa. Shi ya ce in sauka in ɗauki hoto. Da muka dawo ya sauke ni nesa da gari, ya ce in shiga da ƙafa kada a ce yana tona sirrin tsaro. Kuma shi ya ce in je wajen Alhaji Badaru, wai ya fi kowa sanin harkar shanu."

"Ya dai sa kowa ya gan ka a can."

"Ni kuwa har godiya na rubuta masa a farkon furojet ɗin, ba suna, na ce wani bawan Allah."

Hauwa'u ta kama hannunsa ta riƙe gam.

"Fa'izu, don girman Allah kada ka kama sunansa."

"To in yi yaya?"

"Yaransa ne masu bindiga a wurin. In ba su yarda da kai ba, kafin Dagaci ya buɗe baki sun gama da kai. In kuma suka yarda, shi za su kashe a gaban idona. Humaira fa? Wannan na cikin fa? A riƙa nuna su ana cewa ga 'ya'yan infoma?"

"Jamil yana daji, Yaya. Ɗan mutane ne shi ma."

"Na sani. Wallahi na sani. Ka ba ni lokaci in lallaɓa shi, ko zai sa a sako yaron. Yau ɗin nan kawai ka rufa min asiri."

Ya dubi fuskarta da ta kumbura, ya kasa cewa a'a.

"Shi ke nan. Ba sai na kama sunan kowa ba. Zan kira Dakta a gabansu, ta gaya musu aikin makaranta ne. In suka ji daga bakin malamar jami'a magana ta ƙare."

Hauwa'u ba ta yi boko mai zurfi ba, tana ganin wataƙila ya fi ta sani.

*

Ƙofar gidan Dagaci ta cika har bayan darbejiya. Mutane sun bar yankan gero sun taho, wasu da laujensu a hannu. Mata sun taru a bayan dangar kara suna leƙe. 'Yan sintiri sun tsaya a gefe da bindigoginsu na gida, Kamaruddeen a gabansu, bindiga a kafaɗa, igiya a naɗe a hannunsa.

Da ya ga Malam Madu ya taho da Fa'izu, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, barka da rana."

"Barka dai, Kamaruddeen. Allah ya yi albarka."

Fa'izu ya kawar da kai.

Dagaci ya yi sallama, aka yi addu'a, sannan ya ba Alhaji Badaru dama. Tsohon bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Yaron nan ya zo gidana, na sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka dama masa fura. Na ce ɗan Malam Madu ne, ɗana ne. Ya ce shanuna nawa, na faɗa masa. Ya ce ina suke kwana, na kama hannunsa na kai shi garken. Ya ce wa ke kwana da su. Na ce Jamil. Da bakina na faɗa masa."

"Alhaji, wallahi don in gane yadda rikicin manoma da makiyaya yake ne. Akwai wata yarjejeniya ta ECOWAS da ta ba makiyaya damar..."

"Ikowas ɗin ce za ta dawo min da ɗana?"

Wani daga baya ya ce, "Da ma ai ba 'yan nan ba ne. Kakansu daga gabas ya zo."

Malam Madu bai waiwaya ba, amma Fa'izu ya ga yadda tasbihin ya tsaya a hannunsa. A garin aka haifi tsohon, a garin aka binne ubansa, rabin mutanen da ke wurin sun taɓa cin hatsinsa a lokacin bazara. Yau rana ɗaya ya koma baƙo.

Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Fa'izu, ka ce makaranta ce ta aiko ka. Kana da shaida?"

"Ina da ita, ranka ya daɗe. Zan kira malamata, kowa ya ji."

Ya fito da waya, ya kira, ya buɗe murya. Da ta ɗauka ana jin hayaniyar ɗalibai a bayanta.

"Fa'izu, ya ƙauye? Ya babi na huɗu?"

"Lafiya lau, Dakta. Ina gaban dagacinmu ne, yana son ya tabbatar ni ɗalibinki ne, kuma ke kika ba ni aikin nan."

Ku lura da kyau. Bai ce mata an sace shanu ba. Bai ce an ɗauke mutum ba. Kunya ta hana shi, kada malama ta ce ya ɓata aiki. Wannan kunyar ita ce nake jin haushinta.

Dakta Sakinatu mace ce mai son ɗalibanta. Ta ɗauka yabo ake nema, sai ta buɗe baki ta zuba.

"Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ai ku yi alfahari da yaron nan. A kwas ɗina na siyasar yankin Afirka ta Yamma ba wanda ya kamo ƙafarsa. Ni na ce masa kada ya kwaso min abin da ke cikin littafi. Na ce hanyoyin da hukuma ta sani ba su dame ni ba, ya je ya nemo min waɗanda jami'an tsaro ba sa bi."

Wurin ya yi tsit.

"Dakta, dama..."

"Bari in gama, kada ka ji kunya. Kuma ya samo, ranka ya daɗe. Wata tsohuwar hanya a bayan garinku, ya turo min hotunanta, ya nuna inda ta shiga da inda ta ɓulle."

Dagaci ya sunkuyo kusa da wayar.

"Malama, ke kaɗai ya turo wa?"

"Ni ya turo wa, amma da na ga kyan aikin sai na saka a gurup ɗin ajinsu, don sauran su ga yadda ake fita bincike."

"Su nawa ne a ciki?"

"Sun fi ɗari. Ranka ya daɗe, lafiya dai ko? Fa'izu, me ya faru? Na ji kamar..."

Kamaruddeen ya miƙo hannu ya karɓe wayar, ya kashe, ya jefa a aljihunsa.

Sai wurin ya rikice. Wannan na faɗa, wancan na faɗa, masu lauje suka fara matsowa. Alhaji Badaru kuwa fuska ya rufe da babbar rigarsa. Da ƙyar Dagaci ya samu aka saurara, sai da ya miƙe tsaye.

"Ku dakata. Ban gama ba."

Ya koma ya zauna, ya daɗe yana kallon Fa'izu.

"Yaro, ni ban ce kai ka kawo su ba. Wauta na gani a jikinka, ban ga mugunta ba. Masu kallon hoto a Kano kuma ba su san daren da sintiri ya koma kudu ba. Wanda ya yi wannan aikin ɗan gari ne. Burtalin nan tun ina saurayi aka daina binsa, waɗanda suka san shi ba su da yawa, kai kuma ba ka cikinsu. Wani ne ya kai ka. Shi nake nema."

Fa'izu ya sunkuyar da kai.

"Faɗi sunansa ka tashi ka tafi gida."

"Ranka ya daɗe, na yi alƙawari."

"Alƙawarinka ya fi ran Jamil?"

Dagaci ya nuna masa taron da hannu.

"Na aika Shanono a sanar da hukuma, amma ka dubi mutanen nan, ba za su jira ba, ni kuma ba zan iya riƙe su har la'asar ba. In ka ƙi magana, dole in damƙa ka a hannun su Kamaruddeen su tafi da kai wajensu su tambaye ka."

Kowa a Kanyar Tudu ya san wajen. Wani kango ne a bayan makarantar firamare. Na ƙarshen da aka kai can, a amalanke aka fito da shi.

Kamaruddeen ya tako a hankali ya tsuguna gaban Fa'izu, ya dafa kafaɗarsa kamar mai lallashi.

"Ƙanina, ka faɗa mana, kada ka wahalar da kanka. Ka tuna da yayarka da halin da take ciki. Duk abin da ya fito daga bakinka yanzu, ita zai fara taɓawa."

Mutane suka gyaɗa kai, wai surukin kirki. Fa'izu kaɗai ya ga idonsa, ya kuma ji yadda yatsun suke nutsewa a kafaɗarsa.

Ya buɗe baki. Ya hango mayafin Hauwa'u a tsakanin karan danga. Ya rufe.

"To shi ke nan," in ji Dagaci, muryarsa a sanyaye. "Kamaruddeen..."

"Ni ne."

Malam Madu ne ya yi maganar. Ya dafa ƙasa ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Ni na nuna masa, ranka ya daɗe. Ina yaro ni da mahaifina ta nan muke bi da jakuna mu kai gero arewa. Yaron nan ya tambaye ni, na kai shi. Ba ya son ya kama sunan ubansa a gaban jama'a ne, shi ya sa ya yi shiru. Ku sake shi, ga ni."

"Baba, ba kai ba ne."

"Rufe min baki."

"Baba, ranar kana kasuwar..."

"Na ce ka rufe min baki, Fa'izu. Tun yaushe ina magana kana yi?"

Tsohon bai san wanda ɗansa yake ɓoyewa ba. Bai ma tambaya ba. Abin da ya sani kawai shi ne ba za a shiga kangon nan da ɗansa yana kallo ba.

Dagaci ya girgiza kai.

"Malam Madu, ka san abin da kake ɗora wa kanka?"

"Na sani."

"Da ma na faɗa," in ji mai maganar gabas ɗin nan. Wannan karon ba shi kaɗai ba ne, muryoyi da yawa suka amsa masa.

Kowa ya zuba wa Kamaruddeen ido. Surukinsa ne, uban matarsa, wanda ɗazu-ɗazu ya tuɓe wa takalmi. Ko a cikin yaransa akwai waɗanda suka ja da baya, suna jiran ya ce wani ya karɓi aikin, ko ya roƙi Dagaci a yi haƙuri.

Bai roƙa ba. Ya warware igiyar.

"Baba, ka yafe ni. Aiki ne."

Malam Madu ya miƙa masa hannuwa biyu, tasbihin yana rataye a ɗaya. Fa'izu ya yunƙura, mutum biyu suka danne shi. Yana ji yana gani igiyar ta zagaya wuyan hannun ubansa, ta sake zagayawa, Kamaruddeen ya ja ta har fatar tsohon ta tattare.

Dangar kara ta yi ƙara.

Hauwa'u ce ta ture ta ta fito. Ba takalmi a ƙafarta, mayafin ya zame, hannu ɗaya a ƙugu tana jan ciki. Maza suka dare mata hanya don mamaki, ba a taɓa ganin mace ta shigo tsakiyar zaman Dagaci ba a kira ta ba.

"Kamaruddeen."

Tunda aka ɗaura musu aure ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta.

"Sakar min uba."

"Ke, koma gida. Me ya fito da ke cikin maza?"

Ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa a gaban Dagaci, numfashinta yana fita da ƙyar.

"Ranka ya daɗe, Baba ƙarya ya yi maka, Fa'izu kuma ni na roƙe shi ya yi shiru. Ni za a tambaya. Na san wanda ya nuna masa burtalin. A gidansa nake aure."

Kamaruddeen ya saki igiyar. Hannunsa ya tafi kan bindigar da ke kafaɗarsa.